Landan Da Faris: Kishiyoyi Biyu A Kasuwar Kayan Alatu

Cikin shekarar 2012 jaridun Ingila suka ɗauko wani labari wanda ya ba mutane da yawa mamaki. Wani babban kanti mai suna Debenhams, wanda ke kan titin Oxford a tsakiyar birnin Landan, ya kakkafa alluna domin masu sayayya cikin harsuna dabam dabam, a cikinsu har da Hausa. Ba don ƙaunar harshen masu kantin suka yi haka ba. Lissafi ne ya nuna musu cewa 'yan Nijeriya suna cikin baƙin da suka fi kashe kuɗi a kantunan birnin, shi kuwa ɗan kasuwa duk inda ya ji motsin kuɗi nan yake karkata kunnensa.

Yau babu wannan kanti, an rufe shi cikin 2021 bayan kamfanin ya durƙushe. A farkon wannan shekarar ne kuma gwamnatin Birtaniya ta soke wata alfarma wadda ta daɗe tana yi wa baƙi, watau mayar musu da harajin da suka biya a kan kayan da suka saya za su fita da su. Abubuwan nan biyu ba ɗaya ne ya haifi ɗaya ba, amma tun daga lokacin wata tsohuwar gardama ta sake tashi. Gardamar kuwa ita ce, ga mai sukunin da ke neman kayan alatu, irin su tufafi da jaka da takalmi da turare da zinariya, wace ta fi tsakanin Landan da Faris?

KISHIN YA DAƊE

Tsakanin biranen nan biyu babu nisa. Tun da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku cikin 1994, mutum yana iya karya kumallo a Landan ya ci abincin rana a Faris, gama tafiyar yanzu ba ta kai sa'a biyu da rabi ba. Amma kusancin bai hana kishi ba, sai ma ya ƙara shi. Ingila da Faransa sun gwabza yaƙe-yaƙe a zamanin da, yanzu kuwa da aka ajiye bindiga sai gasar ta koma wajen ciniki da ado da jawo baƙi.

Abin ban sha'awa shi ne kowace ta ci moriyar baƙo wajen kafa sunanta. Mutumin da ake kira uban ɗinkin ƙasaita na Faris, Charles Frederick Worth, Bature ne na Ingila. Shi ya buɗe gidan ɗinkinsa a Faris cikin 1858, ya yi wa matar Sarkin Faransa Napoleon na Uku ɗinki, yana kuma cikin na farko waɗanda suka fara liƙa sunansu a jikin rigar da suka ɗinka. Haka nan wanda ya koya wa mutanen Landan cewa shiga kanti shaƙatawa ce, ba sai da bukata ba, Ba'amurke ne mai suna Harry Gordon Selfridge, wanda ya buɗe kantin Selfridges a titin Oxford cikin 1909. Louis Vuitton na Faris kuwa, da ya tashi buɗe kantinsa na farko a wajen Faransa cikin 1885, Landan ya zaɓa.

LANDAN: DA TSOHUWAR ZUMA

Ƙarfin Landan yana ga daɗewa da kuma jingina da gidan sarauta. A unguwar St James's akwai kantin huluna na Lock wanda ya samo asali tun 1676, da kantin turare na Floris wanda aka kafa cikin 1730. A titin Piccadilly akwai Fortnum & Mason, mai sayar da shayi da kayan marmari tun 1707. Da yawa daga cikin irin waɗannan kantuna suna rataye tambarin sarauta a bakin ƙofa, alamar cewa sun yi shekaru suna kai kaya fada kuma an yaba.

Kusa da nan akwai wata rufaffiyar rumfa mai tsawo da ake kira Burlington Arcade, wadda aka buɗe cikin 1819. Har yanzu tana da dogaranta masu doguwar hula, kuma bisa tsohuwar dokar wurin ba a yin fito ko gudu a cikinta. Wanda ya fita ta ƙarshenta ya ɗan taka kaɗan sai ya iske titin Savile Row, zangon telolin maza. A nan ba a ɗauko kwat daga rataya a miƙa wa mutum. Sai an auna shi, an yanka masa fasalinsa shi kaɗai a takarda, ya dawo gwaji sau biyu ko uku, sa'an nan bayan makonni a ba shi kayansa, waɗanda ɗinkinsu na hannu yakan ci sa'a hamsin ko fiye. Ga kayan maza dai, kwat da taguwa da takalmi da hula, har Faransawa da kansu ba su cika musun fifikon Landan ba.

Sai kuma Harrods a unguwar Knightsbridge, wanda Charles Henry Harrod ya fara a matsayin ɗan kantin kayan abinci cikin 1849. Gobara ta cinye shi ƙurmus cikin 1883, aka sake gina shi, ya zama yana da sassa fiye da 300. Cikin 1898 aka sa masa matakala mai tafiya da kanta, abin da mutanen Ingila ba su saba gani ba, har ma'aikata suna tsayawa a sama da abin farfaɗo da wanda jiri ya ɗiba. Da bazara attajiran Larabawa na yankin Tekun Fasha sukan cika unguwar, waɗansunsu ma da motocinsu suke zuwa, a ɗauko musu su a jirgin sama.

Amma zuciyar kasuwar alatu ta Landan ita ce titin Bond, tsoho da sabo, a unguwar Mayfair. Titi ne siriri, mutum yana iya ƙure shi da ƙafa cikin 'yan mintoci, amma kusan babu wani babban suna na duniya wanda ba shi da ƙofa a kansa.

FARIS: GIDAN MASU SANA'A

Ita kuwa Faris ƙarfinta yana ga sana'ar hannu da goyon bayan hukuma. Tun zamanin Sarki Louis na Goma Sha Huɗu, wazirinsa na kuɗi Colbert ya ɗauki saƙa da yin madubi da kayan ɗaki a matsayin aikin ƙasa, ya jawo gwanaye daga waje, ya kafa musu ƙa'idoji. Wannan ɗabi'a ba ta bar Faransawa ba. Tun 1945 doka ce take tsare sunan ɗinkin ƙasaita, ba kowane tela ne zai wayi gari ya kira kansa da shi ba. Sai yana da ɗakin ɗinki a Faris da ma'aikata na dindindin, yana ɗinka wa kowa nasa bisa awo, yana kuma nuna sababbin kaya sau biyu a shekara. Har gwanjon kantuna ma gwamnati ce take yanke lokacinsa, sau biyu a shekara, ɗaya da sanyi ɗaya da bazara.

Babban kanti irin na zamani ma a Faris ya ginu. Cikin 1852 Aristide Boucicaut ya shiga kantin Le Bon Marché, ya zo da al'adun da a lokacin baƙi ne: a rubuta kuɗin kowane abu a jikinsa, babu tayi babu albarka, kowa ya shiga ya duba ko ba zai saya ba, wanda kuma ya saya bai gamsu ba ya mayar. Wani tsohon ma'aikacinsa ya fita ya kafa Printemps cikin 1865, sa'an nan daga baya Galeries Lafayette ya zo maƙwabtaka da shi a titin Haussmann. Ƙubbar gilashi mai launi wadda aka ɗora wa Galeries Lafayette cikin 1912 ita kaɗai tana jawo dubban 'yan kallo kowace rana.

Ba kamar Landan ba, wadda ta tara manyan sunaye a titi guda, Faris ta rarraba nata. Masu lu'ulu'u da zinariya suna kewaye da dandalin Vendôme, inda Boucheron ya fara sauka cikin 1893. Gidajen ɗinki suna titin Montaigne, inda Christian Dior ya nuna kayansa na farko cikin 1947. Chanel tana titin Cambon. Hermès yana titin Faubourg Saint-Honoré tun 1880.

Ya kamata mai karatu ya lura da asalin waɗannan sunaye, domin a nan ne maganar take. Thierry Hermès, wanda ya kafa gidan cikin 1837, baduku ne mai yin kayan doki, kuma har yanzu ana ɗinka sirdi a gidan. Louis Vuitton yaro ne ɗan ƙauye wanda ya tako da ƙafa zuwa Faris, ya koyi yin akwati da shirya wa masu kuɗi kayan tafiya, kafin ya buɗe nasa wurin cikin 1854. Yau jakar hannu ta Hermès wadda ake kira Birkin takan haura dala 10,000, mutum ɗaya ne yake ɗinka ta daga farko har ƙarshe, kuma kuɗi kaɗai ba ya sa a same ta. A Faris sai mutum ya nemi izinin ganin mai sayarwa ta intanet, ya jira ko rabonsa zai tsaga.

WA KE DA KAYAN?

Wanda ya tsaya a titin Bond ya karanta sunayen da ke saman ƙofofi zai ga wani abu. Louis Vuitton da Dior da Hermès da Chanel duk na Faransawa ne. Tiffany na Amurka da Bulgari na Italiya sun shiga hannun LVMH, kamfanin Faransa wanda aka haɗa cikin 1987, mai riƙe da gidajen alatu kimanin 75. Alexander McQueen, wanda ɗan Landan ne ya kafa shi, yana hannun wani kamfanin Faransa mai suna Kering. Cikin 2023 LVMH ya yi cinikin yuro biliyan 86, shugabansa Bernard Arnault kuma ya zo na ɗaya a jerin attajiran duniya na mujallar Forbes cikin 2023 da 2024. Burberry, wanda shi ne mafi girman sunan alatu da ya rage wa Ingila a harkar tufafi, cinikinsa na shekara a wannan lokacin kimanin fam biliyan 3 ne kawai.

Manyan kantunan Landan ma ba na Ingilishi ba ne. Harrods ya koma hannun wani attajiri ɗan Masar, Mohamed Al-Fayed, cikin 1985, shi kuma ya sayar wa ƙasar Ƙatar cikin 2010 a kan kimanin fam biliyan ɗaya da rabi. Selfridges yana hannun wani kamfanin Thailand, cikin 2024 kuma asusun zuba jari na Saudiyya ya sayi kashi 40 cikin 100 na rukuninsa. A Faris ma Printemps ya shiga hannun masu jari na Ƙatar cikin 2013, amma Galeries Lafayette yana nan a hannun zuriyar masu shi, Le Bon Marché da La Samaritaine kuwa na LVMH ne. Shi La Samaritaine an rufe shi cikin 2005, aka kashe kimanin yuro miliyan 750 wajen gyara, aka sake buɗe shi cikin 2021.

Ke nan Landan kasuwa ce, Faris kuwa ita ce masaƙa da gidan maigida. Baƙo ya saya a titin Bond ko ya saya a titin Montaigne, yawancin ribar kayan Faris take nufa. Abin da ke zama a Landan shi ne haya da albashi da haraji da kuɗin masauki da na abinci. Saboda haka idan baƙi suka juya, Landan ce take jin jiki, masu sunayen kuwa sai dai su ga cinikin ya tashi daga wannan aljihu nasu ya faɗa wancan.

HARAJIN DA YA SAUYA LISSAFI

A Ingila da Faransa duka akwai harajin sayen kaya na kashi 20 cikin 100, wanda ake kira VAT, kuma a cikin kuɗin da aka rubuta a jikin kaya yake. A da, baƙon da ba mazaunin Tarayyar Turai ba ne yana iya karɓar takarda a kanti, ya nuna wa kwastan ranar tafiya, a mayar masa da yawancin harajin. Da Birtaniya ta gama ficewa daga Tarayyar Turai sai ta soke wannan tsari daga ran 1 ga Janairu, 2021. Hujjar gwamnati ita ce tsarin yana cin kuɗi mai yawa, amfaninsa kuma bai cika wuce Landan da wani zangon kantuna mai suna Bicester ba, sa'an nan idan an bar shi tilas a ba mutanen Turai su ma.

Faransa kuwa a daidai wannan lokaci sai ta sassauta nata. Ta rage mafi ƙarancin cinikin da ake mayar wa haraji daga yuro 175 zuwa 100. Baƙo ya nuna fasfo a kanti, a ba shi takarda, ya sa ta a na'ura a filin jirgi, matuƙar dai ya fitar da kayan cikin wata uku. Alal misali, jakar da aka rubuta wa 6,000, harajin da ke cikinta 1,000 ne. A Faris, bayan dillalan mayar da harajin sun cire ladansu, abin da aka saba mayarwa kimanin kashi 12 cikin 100 ne na kuɗin, watau wajen 720. A Landan kuwa ba a mayar da ko anini, sai dai idan kantin ne ya aika wa mutum da kayan kai tsaye zuwa ƙasarsa. Abin da ya fi ciwo ga 'yan kasuwar Landan shi ne, su kansu mazauna Ingila yanzu baƙi ne a Faransa, suna iya hawa jirgin ƙasa su je Faris su saya a mayar musu da haraji.

Masu kantuna da masu masauki suka yi ta kuka, suna kiran abin harajin baƙi. Ran 23 ga Satumba, 2022, ministan kuɗi Kwasi Kwarteng, wanda iyayensa mutanen Ghana ne, ya ba da sanarwar za a dawo da tsarin. Murna ba ta yi wata guda ba. Aka sauke shi, wanda ya gaje shi, Jeremy Hunt, ya janye maganar cikin Oktoba, bisa lissafin baitulmali cewa za ta ci kimanin fam biliyan 2 a shekara. Cikin 2023 kamfanin jaka na Mulberry ya rufe kantinsa na titin Bond, ya ambaci wannan haraji cikin dalilansa.

ABIN DA LANDAN TA RIƘE

Duk da haka kuskure ne a ɗauka Landan ta faɗi. A ƙididdigar da kamfanin dillancin gidaje na Cushman & Wakefield ya fitar cikin 2024, sabon titin Bond shi ne na uku a duniya wajen tsadar hayar kanti, babban titin Champs-Élysées na Faris kuwa na biyar. Ɗan kasuwa ba ya biyan irin wannan haya a wurin da babu masu saye. Dalili kuwa shi ne yawancin manyan masu kuɗi ba sayayya kaɗai take kai su Landan ba. Wani yana da gida a can, wani 'ya'yansa suna makaranta, wani likita ya je gani, wani lauya ko banki. Wanda ke da irin wannan hulɗa ragin kashi 12 ba zai sauya masa hanya ba. Wanda ragin yake ja shi ne matsakaicin mai hali, wanda ya yi tari domin jaka guda ko agogo guda, irinsa kuwa su ne suka fi yawa.

Akwai kuma maganar harshe da sabo. Ɗan Nijeriya yana sauka Landan ya ji Turancin da ya koya a makaranta, ya iske 'yan'uwa, ya san inda zai sami leshi da atamfa a wajen titin Liverpool bayan ya gama da manyan kantuna. Faris kuwa sai ya nemi wata biza dabam, ya yi fama da Faransanci. Maƙwabcinsa na Yamai ko Maraɗi shi kuma akasin haka ne, Faris ce ya saba da ita. Tarihin mulkin mallaka har yau yana da hannu wajen nuna wa kowa kantin da zai shiga.

INA RABON NIJERIYA?

Zamanin da aka rubuta Hausa a titin Oxford zamani ne na tsadar man fetur da ƙarfin naira. Cikin watan Mayu na 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin hukuma, amma bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, cikin 2024 fam ya kai wajen naira 2,000. Wannan ya rage masu zuwa sayayya fiye da yadda wani haraji zai rage su. Araha ba ta ado, amma ado ma sai da abin hannu.

Sai dai akwai wata hulɗa wadda ta girmi ta sayayya. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta yi ɗaruruwan shekaru tana ƙetare hamada a bayan raƙuma zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can ta iso musu. Har yanzu majemun Kano na Challawa da Sharaɗa suna jeme fata ana fita da ita, yawanci zuwa Italiya da Sifen, a can a yanka ta a ɗinka a buga mata suna. Fatar takan bar Kano da kuɗin fata, idan kuwa ta dawo sai ta dawo da kuɗin suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gardamar Landan da Faris ba za ta ƙare ba, gama kowace tana da abin da ta fi 'yar'uwarta. Mai neman kwat na awo da tsofaffin kantuna da sauƙin harshe, Landan ce tasa. Mai neman kayan mata da jaka da lu'ulu'u da ragin haraji, Faris ta fi masa. Amma a wajen riba an riga an raba gardama, kuma wanda ya ci shi ne birnin da ya riƙe badukunsa da mai yin akwatinsa, ya tsare musu suna da doka, har jikokinsu suka zama su ne masu yanke wa duniya farashi. Dukawan Kano da na Sakkwato ba gwaninta suka rasa ba.